Wane Katun Ya Dace a Saka wa Ƙaramin Yaro a Gidan Basakkwace?

Daga watan Maris zuwa Mayu, in rana ta take a Sakkwato, babu uwar da ke barin ɗan shekara uku ya leƙa ƙofar gida. Ƙasa ta ɗau zafin da ba ta takuwa, inuwar dogon-yaro ma huci take yi. Yara na ɗaki, uwa ga girki ga wanki, wata ma ga sana'arta na jira. A nan ne waya ke faɗawa hannun yaro, kuma ban ga amfanin tsayawa ana musun haka ba. Mabera, Arkilla, Runjin Sambo, har cikin gari wajen Kanwuri, katun ya riga ya shiga gidaje. Abin da ya saura hannun iyaye shi ne zaɓen wanda za a saka.

Yadda akasari ake zaɓen bai wuce wannan ba: maigida ya biya wajen masu turi a bakin kasuwa, ya miƙa memori ya ce, “Sa mani katun na ƙananan ɗiya, wanda babu batsa ciki.” Yaron shago ya juye masa duk abin da ke cikin kwamfutarsa mai kama da na yara. In an ci sa'a aka samu mai addu'o'i a ciki, sai hankali ya kwanta, a ce ai na Musulunci ne. A ganina wannan awo ya yi kaɗan. Rashin batsa sharaɗi ne na farko, amma katun zai iya zama tsaf ta wannan fuska, ya kuma koya wa yarinya murguɗa baki in mahaifinta na magana.

Dalilin yana ga yadda kan ƙaramin yaro ke ɗaukar labari. Masu shirya katun kan gina kashi guda a kan rigima. Wani ya yi rowa, ko ƙarya, ko ya ƙi jin magana, a yi ta tafiya a haka, sai a minti na ƙarshe a sasanta a faɗi darasi. Babba yana haɗa farko da ƙarshe ya gane inda aka dosa. Ɗan shekara huɗu bai kai nan ba. A wani bincike da aka buga a 2008, Marie-Louise Mares ta Jami'ar Wisconsin a Amurka da abokiyar aikinta sun nuna wa yara 'yan ajin share fage wani katun da aka shirya don koyar da kada a ƙyamaci mai naƙasa, inda aka ba da misali da kare mai ƙafa uku. Da aka tambayi yaran abin da suka koya, mafi yawansu ba su kawo mutane a rai ba sam. Abin da suka riƙe shi ne a riƙa kyautata wa karnuka masu ƙafa uku. Yaro yana kwasar abin da idonsa ya fi daɗewa a kai: irin kallon da ake yi wa babba, yadda ake amsa kira, muryar da ake roƙon abu da ita. Shi ya sa in zan auna katun, gidan da ke cikinsa nake dubawa. Wa da wa ke zaune a ciki? Yaya ƙarami ke yi wa babba magana a tsakiyar shiri, kafin a zo wajen sasantawa? Da wane harshe? Hoton gudu yake yi ko tafiya?

Bari in fara da wanda ya fi yawa a wayoyin mutane, wato CoComelon. Na Amurka ne. Tasha ce ta YouTube da ta faro tun 2006 da wani suna daban, ta koma wannan suna a 2018, kamfanin Moonbug ya saye ta a 2020. Jariri JJ ne da yayyensa TomTom da YoYo da iyayensu, an ƙera su da kwamfuta sumul-sumul, manyan idanu, launi mai ɗaukar ido. A ba shi haƙƙinsa, babu raini a ciki, babu faɗa. Ana waƙar wanka da goge baki da cin kayan lambu da cewa na gode. Sai dai babu labari, waƙa ce bayan waƙa, kuma ana ɗinke su su kai awa guda ko fiye, babu inda shiri ya ƙare balle uwa ta ce to an gama, kawo wayar. Hoton kuma ba ya tsayawa. Kafin yaro ya gama kallon fuska an juya an kawo wata. A 2011 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia ta gwada yara 60 'yan shekara huɗu. Wasu suka kalli katun mai saurin hoto na minti 9, wasu suka kalli mai tafiya a hankali, wasu aka ba su takarda suka yi zane. Da aka gwada su nan take, waɗanda suka kalli mai saurin su suka fi kasa haƙuri da riƙe umarni. Ba CoComelon ta gwada ba, kuma abin da ta auna na ɗan lokaci ne, amma duk uwar da ta taɓa karɓe waya daga hannun yaron da ya yi awa yana kallonsa ta san birgimar da ke biyo baya. Alawa ce kafin tuwo, ba ta kisa amma tana kashe cin abinci. Yaron da ba ya jin Turanci kuwa sautin kawai yake haddacewa.

Peppa Pig na Ingila ne, tun 2004 ake yin sa, kowane kashi minti biyar. Yawancin gidajenmu sun sallame shi tun daga ganin alade, kuma ba zan roƙi kowa ya sake shawara ba. Ko da awaki aka zana a madadin aladun, da ban ce a saka shi ba. Uban gidan abin dariya ne. Ana yi masa ba'a da tumbinsa, ya ce ya ƙware a abu ya kasa, 'yarsa ta ce wauta yake yi, kowa ya zube ƙasa yana dariya. A can wasa ne na cikin gida. A nan, yarinyar da ta ɗauki wannan murya ta kai wa kakanta a zaure, uwarta ta jawo wa magana. Ga kuma na jabu: tun 2017 ake ƙorafi a duniya kan bidiyoyin da wasu ke haɗawa da fuskar Peppa da sauran sanannun katun, su cusa duka da allura da abin firgita, su zuba a YouTube. Mai turi ba tantancewa yake yi ba. Masha and the Bear na Rasha, wanda ya fito a 2009, hotonsa gwanin kyau, amma yarinya ce da ba a ganin iyayenta, tana gallaza wa babba ba mai kwaɓarta. A wuce wurin.

Inda zaɓi ke da wuya da gaske shi ne tsakanin wasu guda biyu na ƙasar Malesiya. Dukansu gidan Musulmi suke nunawa, har mutane kan ɗauka abu guda ne, alhali aikinsu daban.

Omar & Hana na kamfanin Digital Durian ne, ya fara fita a 2017. Omar shekararsa shida, ƙanwarsa Hana huɗu, ga uwa da uba, ga kakanni, ga malaminsu Ustaz Musa. An gina shi ne don koyarwa kai tsaye: bisimilla kafin ci, addu'ar barci, sallama, taimakon uwa, kyautata wa maraya. Gajeru ne, akasari da waƙa. Ban da harshen Malay na asali akwai shi da Turanci da Larabci, kuma ga gidajen da ba sa son kiɗa akwai waɗanda aka fitar da murya zalla. Ƙarfinsa shi ne abin da yake koyarwa abin aikatawa ne. Yaro ba ya buƙatar ya tsamo darasi daga cikin labari. Ya ga Hana ta gama ci ta ce Alhamdulillahi, shi ma ya faɗa. Kalmomin Larabcin nan kuwa ya riga ya saba jin su a bakin Inna da makarantar allo, don haka ko bai fahimci Turancin da ke kewaye da su ba, yana da abin kamawa. Na ga 'yar shekara huɗu a gidan wata 'yar'uwata a Gidan Igwai, an ajiye musu kwanon shinkafa da wake, yayanta ya kai hannu, ta dafe bakin kwanon da tafinta ta ce, “Yaya, tsaya, ba ka yi bisimilla ba.” Ya janye hannu ya yi, sannan ta saki. Uwar ta ce a can ta ɗauko wannan dagewa. Koyar da addini da waƙa kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta karantar da matan 'Yan Taru da waƙoƙi.

Abu biyu nake so iyaye su lura da su. Gidan su Omar ƙaramin gida ne irin na ma'aikatan birni, uwa da uba da 'ya'ya biyu da mota, iyayen ba sa gajiya ba sa ɗaga murya. Yaron da ke gidan mutum ashirin ba zai ga kansa a ciki ba. Na biyu kuma mazhaba. Musulmin Malesiya Shafi'iyya suke bi, mu nan akasarinmu Malikiyya. Wannan bai shafi addu'ar cin abinci ba, amma in an zo alwala da salla akwai bambanci. A Shafi'iyya shafar wani sashe na kai ta wadatar, a Malikiyya sai an shafe kai duka. Su suna bayyana bisimilla a Fatiha cikin salla, suna kuma yin alƙunutin Asuba bayan ruku'u, mu kuwa kafin ruku'u muka fi sabawa, a asirce. Duk mazhabobin Sunna ne, ba abin tada hankali ba ne. Amma in kashin alwala ko salla ya zo a zauna kusa, kada yaro ya je yana musu da malamin allo da hujjar katun.

Upin & Ipin ya girme shi da shekara goma. Kamfanin Les' Copaque ya fitar da shi a 2007 cikin watan azumi, kuma kasusuwan farko duk a kan azumi da Ƙaramar Salla suke. Tagwaye ne 'yan shekara biyar, marayu, suna zaune a ƙauye hannun kakarsu Opah da yayarsu Kak Ros. Wannan kaɗai ya sa na fi jin sa kusa da mu. Gida ne da kaka ke riƙon jikoki, yaya mace ke tsawatarwa, dattijon maƙwabci Tok Dalang na da ta cewa a kan yaran unguwa, yara na wasa a waje cikin ƙasa da kaji. Duk wanda ya tashi hannun kaka a Wurno ko Gwadabawa ko Boɗinga zai gane gidan. Yaran ba waliyyai ba ne. A azuminsu na farko suna kukan yunwa da rana tsaka, suna ƙosawa a sha ruwa, suna shakkar Kak Ros. Amma in za su gai da babba sai su kama hannunsa su sunkuya a kai, wanda a al'adarsu shi ne matsayin durƙusonmu. An kuma nuna an kai su kabarin iyayensu sun yi musu addu'a, abin da da wuya ka gan shi a katun ɗin Turawa. Cikin abokansu akwai Mei Mei 'yar asalin Sin da Jarjit ɗan asalin Indiya, ba Musulmi ba ne, ana wasa tare ana girmama juna. Yaron da ke aji ɗaya da 'ya'yan Yarbawa da Ibo a nan cikin gari yana da abin gani.

Cikas ɗinsa harshe ne. Magana ta yi yawa, labarin na da tsawo, kuma wanda ya fi yawo da Malay yake, wani da fassarar Turanci a rubuce a ƙasa, wadda yaron da bai iya karatu ba ba ta amfane shi da komai. Da shirin ya yi suna kuma aka shigo da wasu kasusuwa na jarumai masu faɗa da dodanni. Ga faɗan Kak Ros, wanda babbar yarinya a gida za ta iya ɗauka ta sauke kan ƙannenta. Saboda haka ɗan shekara uku ko huɗu Omar & Hana ya fi dacewa da shi. Upin & Ipin sai ɗan biyar zuwa shida, a zaɓo masa na azumi da na Salla, babba na gefe yana faɗa masa abin da ke faruwa. In da za a juya mani guda ɗaya zuwa Hausa cikin duk waɗannan, shi zan zaɓa.

Yanzu ga wanda na san zan sha suka a kansa. Bluey na Ostareliya ne, Joe Brumm ya ƙirƙire shi, kamfanin Ludo na birnin Brisbane ke yin sa tun 2018, kowane kashi kimanin minti bakwai. Karnuka ne: Bluey 'yar shekara shida, ƙanwarta Bingo mai huɗu, ubansu Bandit, uwarsu Chilli. Bahaushe na ajiye kare don gadi ko farauta, ba ya kai shi ɗaki, kuma akwai gidajen da ba za su so yaro ya tashi yana sha'awar rungumar kare ba. Wannan hujja ce, kowa kuma da ikon gidansa. Abin da zan ƙara kawai, waɗannan mutane ne aka zana da kunnen kare. Da ƙafa biyu suke tafiya, suna zuwa aiki, suna girki, suna kai yara makaranta.

Ta fuskar iya ba da labari, cikin duk waɗanda na lissafa babu na biyunsa. Akwai kashin da Bluey ta kasa koyon keke, ta yi fushi ta yar da shi ta zauna kan benci. Uban bai yi mata wa'azi ba. Suka zauna suna kallon sauran yara a filin wasa. Ƙanwarta na fama da famfon shan ruwa, in ta danna sai ruwan ya ɗauke kafin ta kai baki. Wata na tsalle ta kama ƙarfen lilo, hannunta bai kai ba. Wata kuma na kokawa da jakar goyo ta kasa saɓa ta. Kowacce ta gaza, ta yi fushi, ta sake gwadawa, har ta samo dabararta. Bluey na kallo, ba wanda ya ce mata tashi, sai ga ta ta koma kan kekenta. A nan darasin shi ne abin da ido ke gani tun daga farko har ƙarshe, babu abin da yaro zai jira a fassara masa.

Inda gizo ke saƙar shi ne uban. Bandit yakan kwanta ƙasa 'ya'yansa su hau bayansa, su mai da shi doki, su ba shi umarni cikin wasa, su yi jayayya da shi, in ya yi kuskure ya ba su haƙuri. A garin da har yanzu wasu iyaye ba sa kama sunan ɗan fari saboda alkunya, wannan abu ne mai nisa. Na daɗe ina juya shi a raina, inda na tsaya shi ne a raba shi biyu. Wasa da yara namu ne. Manzon Allah (SAW) ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, ya kuma yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama. Magidanta da yawa cikinmu sun mai da kansu abin tsoro, da an ji ƙarar babur ɗinsu a ƙofar gida kowa ya kama kansa, kuma irin waɗannan sun fi yaran buƙatar ganin Bluey. Abin da ba namu ba shi ne ja-in-ja da uba, da shigowa ɗaki ba gaisuwa, da katse babba yana magana. Akwai kuma kasusuwan Kirsimeti da Ista da na wanka a bakin ruwa. Turancinsa ma da sauri yake fita, da karin harshen ƙasarsu. Don haka Bluey ba na miƙa wa yaro waya a tafi ba ne. Na gidan da ake jin Turanci ne, inda uba zai fara kallon kashin shi kaɗai, sannan ya zauna da yaran su kalla tare.

Duk waɗannan da baƙin harsuna suke magana, kuma wannan ne ya kawo ni ga wanda nake sa wa a gaba. Akili and Me aikin Ubongo ne, ƙungiyar da aka kafa a Darussalam ta Tanzaniya a 2013. Akili yarinya ce 'yar shekara huɗu, baƙar fata kamar 'ya'yanmu, gidansu na gindin dutsen Kilimanjaro. In ta yi barci sai ta shiga wata duniya ta haɗu da ɗan zaki da dorina da sauran abokanta. An juya shi zuwa Hausa, tashar Arewa24 ta nuna shi. Yana koyar da ƙirga da haruffa da siffofi da launuka da wanke hannu, da yadda yaro zai faɗi cewa fushi yake ji ko tsoro maimakon ya kai duka. A hankali yake tafiya, yana maimaitawa, yana tambaya ya bar wa yaro filin amsawa. Dina Borzekowski ta Jami'ar Maryland ta gwada shi kan ƙananan yara a Tanzaniya, ta samu waɗanda suka kalle shi sun ƙaru a ƙirga da gane siffofi fiye da waɗanda aka nuna wa wasu katun daban.

Ba zan ɓoye rauninsa ba. Ba shirin zaman iyali ba ne sosai, tunda akasarin labarin a duniyar mafarki yake, iyaye ba su cika fitowa ba. Zanensa shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da ƙyalli, yaron da ya saba da CoComelon zai ture shi a kwanakin farko. Hausarsa kuma ta Kano ce. Duk da haka shi nake sa wa a gaba ga ɗan shekara uku da huɗu, domin shi ne yaron ke fahimta, yana kuma iya zuwa ya ba Inna labarin abin da ya gani da bakinsa. Kyakkyawan darasi da harshen da yaro ba ya ji bai isa kunnensa ba tukuna.

Kusa da shi akwai na gida Najeriya, Bino and Fino, wanda Adamu Waziri ya fara yi a Abuja a 2010. Wa da ƙanwa ne da kakanninsu da wata malam-buɗe-littafi mai suna Zeena. Tufafin namu ne, abincin namu ne, ana koyar da tarihi da ƙasashen Afirka, yaran kuma masu ladabi ne. Kasusuwansa ba su da yawa, da wuri ake cinye su, amma ya cancanci wuri a cikin memori.

Cikin su duka babu wanda ya nuna gida mai zaure da tsakar gida, da ɗakin uwargida da na amarya, da 'yan uba masu ci kwano ɗaya, da ɗan riƙo, da gaisuwar safe ɗaki-ɗaki, da kai wa maƙwabta tuwo. Wanda ke neman katun da zai koya wa ɗansa zumunci irin namu ba zai same shi cikin waɗannan ba, Upin & Ipin ne kawai ya ɗan matso. Wannan giɓi ne da masu zane da kwamfuta na Arewa ya kamata su dube shi da gaske.

Sai batun shekaru da lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019: yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in an rage ya fi. Saboda haka ga ɗan goye babu wanda za a zaɓa cikin waɗannan, ko mai addu'o'in. Kuma zaman babba kusa ba ƙawa ba ne. Wani bincike da Eric Rasmussen na Jami'ar Texas Tech ya fitar a 2016 kan wani katun na koyar da tausayi ya nuna amfanin ya bayyana ne ga yaran da iyayensu suka saba tattaunawa da su kan abin da suke kallo. Ba sai an zauna daga farko har ƙarshe ba. Uwa na tsintar shinkafa tana iya jefa tambaya: “Mi ya sa Hana ta yi kuka? Kai da mi za ka yi?”

Da a bar yaro kan YouTube da data a buɗe, gara a sauke kasusuwan daga tashoshin kamfanonin na ainihi, a kashe data, sannan a ba shi. An huta da talla, an huta da bidiyon da ke biyo baya ba a gayyace shi ba, kuɗin data ma ya ragu. In wajen masu turi za a je, a ambaci suna ɗaya bayan ɗaya, a dawo gida a duba kafin a miƙa. Ƙaramin yaro bai san awa ba, amma ya san biyu, don haka da kashi ake yi masa alƙawari: biyu za ka kalla, in na biyu ya ƙare a kashe. In akwai wuta, talabijin ta fi waya, domin abin da ke bango kowa na gani, abin da ke tafin yaro shi kaɗai ya san shi. Lokacin cin abinci da gab da barci a bar su babu kallo.

Gidan da Hausa kawai ake ji, Akili ya zama na yau da kullum, a haɗa da Omar & Hana don addu'o'i, a ajiye Upin & Ipin sai azumi ya kama. Gidan da yara ke makarantar da Turanci ya zauna musu, a ƙara Bino and Fino, da Bluey ran da uba ke gida. A gidan yawa kuwa, inda yara biyar ko shida ke kewaye allo ɗaya, daga mai shekara uku har mai goma, manyan za su matsa a saka musu na faɗa da tsere, kuma su ne masu baki. A nan da shekarun mafi ƙanƙanta ake zaɓe. Abin da ya dace da ɗan uku ba ya cutar da ɗan goma, sai dai ya gundure shi, amma na ɗan goma yana hana ɗan uku barci. Manyan su jira nasu har ƙaramin ya kwanta.